Tayar da Tsohuwar Mota Don Sana'ar Askirim ta Iyali a Jos

Da wuya ka ratsa unguwa a Jos, daga Gangare har Bukuru, ba ka ga tsohuwar mota kwance a ƙofar wani gida ba, tayoyi sun sace, kaji na fakewa a ƙarƙashinta. Garin ba shi da iskar gishiri irin ta bakin teku, don haka ƙarfen mota kan daɗe bai ruɓe ba. Da yawa daga cikin motocin nan za su tashi in an bi su a hankali, kuma tsohuwar mota mai kyan fenti tana jan yara da iyayensu fiye da sabuwar bas. Iyalin da ke son sana'ar da kowa zai sa hannu, uba da uwa da manyan 'ya'ya, suna iya mayar da irin wannan mota shagon askirim mai tafiya.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne jerin kashe kuɗi. Ana fara zuwa wajen mai fenti saboda shi ne aikin da ido ke gani, sai kuɗi ya ƙare ba a taɓa birki ba, ba a san da me firiza za ta yi aiki ba. Jerin da ya dace shi ne takardu, ƙarfen ƙasa, birki, inji, wutar firiza, sannan ado. Ku kasa jarin kashi uku tun farko, ku ɓoye kashi ɗaya, domin tsohuwar mota ba ta nuna ciwonta duka sai an kwance ta.

Wace mota?

Uku ne suka fi samuwa. Akwai Volkswagen Kombi, wadda aka fara haɗa 'yan gidansu a Legas a 1975, Brazil kuma ta ci gaba da ƙera ta har 2013. Akwai akori-kurar Peugeot 404 ko 504, 'yan masana'antar Kaduna da ita ma ta buɗe a 1975. Sai bas ɗin Peugeot J5, mai faɗin ciki.

Kombi ta fi su kyan gani, ba musu. Ƙofarta ta gefe tana dama, wato ɓangaren bakin titi, don haka ana iya sayarwa ta nan ba tare da an yanka bodi ba. Amma tsayin cikinta bai kai mita ɗaya da rabi ba, babba ba zai miƙe tsaye ba, sai dai ya zauna. Injinta yana baya, iska ke sanyaya shi, ba lagireto, kuma ƙarfinsa wajen doki hamsin ne kawai. Makanikan da suka san shi sun tsufa, yaransu kuwa Toyota da Honda suka koya. Kafin ku biya kuɗin Kombi, ku je Farin Gada ku nemo dattijon da zai riƙe muku ita. In ba ku same shi ba, ku haƙura da ita.

J5 ta fi daɗin aiki, musamman mai dogon rufi da mutum ke tsayuwa a ciki. Matsalar ita ce yawancinsu sun gama ƙarfinsu wajen jigilar tumatir da kabeji zuwa Kudu, ruwan kayan gwari ya cinye daɓensu. Ni dai ga iyalin da wannan ne karonsu na farko, 504 akori-kura nake zaɓa. An ci gaba da haɗa 504 a Kaduna har 2006, kayan gyaranta na nan a kasuwa, kusan kowane tsohon bakanike ya san ta ciki da bai, sai kawai mai walda ya gina muku ɗaki a bayanta daidai tsayin da kuke so.

Takardu kafin sifana

Da yawa daga cikin motocin da ke kwance a ƙofar gida na mamata ne, kuma sau da yawa ba a raba gadon ba. Ɗa ɗaya zai sayar muku cikin sauƙi, sai kun kashe kuɗi ta yi kyau wani ɗan'uwansa ya dawo daga Kano ya ce motar babansu ce. Ku tambaya kai tsaye: “Alhaji, motar nan an fitar da ita daga gado?” A rubuta yarjejeniya, magada su sa hannu ko wakilin da suka amince da shi, mai unguwa ya shaida. In motar mahaifinku ce ma haka za ku yi: a yi mata kuɗi, a san rabon kowa.

Sannan ku goge lambar chasis da ta inji da buroshin ƙarfe, ku gwada su harafi da harafi da abin da ke takarda. Lambar da aka ga alamar an kankare ko an sake bugawa, ku bar motar ko kyauta ce. Bayan ciniki a yi canjin mallaka a ofishin lasisin mota, a nemi lambar kasuwanci mai jan rubutu, a yanki inshora. In kun sauya inji ko launi daga baya, shi ma a shigar da shi takarda, don kada ku riƙa dogon bayani a kowane shinge.

Duba ƙarfe

Ku je da rana, da tocila, da sukudireba, da ƙaramin maganaɗisu a naɗe cikin tsumma. Motar da aka yi wa sabon fenti don sayarwa kyan ɗan maciji gare ta. Bi gefen bodi da maganaɗisun, musamman ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya zame ya faɗo, an cike rami ne da fila aka shafe. Sai ka kwanta a ƙasa ka caccaki dogayen ƙarafan chasis da sukudireba. Tsatsar sama ja ce, tana kankaruwa ta bar ƙarfe mai ƙara. Wadda ta ci ciki tana ɓantarowa falle-falle, baƙa-baƙa, wani lokaci sukudireban ya shige gaba ɗaya. Daɓe da ya ɓule ana yanke shi a sa sabon faranti. Amma in ruɓar ta kai inda sifirin ke kamawa, ko inda aka ɗaure akwatin sitiyari, ku gode wa mai mota ku tafi.

A Kombi ku ɗaga shimfiɗar gaba, ku duba ƙarƙashin gilashin gaba da wajen zaman batir, nan ruwa ke kwanciya. Ku kuma kama fulin da ke bayan inji da hannu biyu, ku ja ku tura. Da ƙyar ya kamata a ji motsi. In ya yi ƙwas-ƙwas har ido na gani, injin na neman a kwance shi ɗungurungum, sai a rage wannan a farashi.

Birki, sannan inji

Kada ku tuƙa ta zuwa gareji ko da ta tashi. A jawo ta. Man birki yana shan ruwa daga iska, kuma motar da ta shekara biyar a tsaye robobin birkinta sun bushe. A sauya tiyon birki na roba duka, da robobin cikin silinda, da takalman birki, a zubar da tsohon mai a sa sabo. Birkin hannu ya kama sosai, domin a Jos da wuya ka sami filin tsayawa da ba gangara. Taya kuma a duba lambobi huɗun da ke gefenta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Jami'an kiyaye haɗurra na ɗaukar tayar da ta wuce shekara huɗu a matsayin wadda ta ƙare, ko da zanenta bai cinye ba. Ku sayi tayar ɗaukar kaya mai harafin C, kamar 185R14C a Kombi.

Injin da ya daɗe a kwance ba a fara shi da makulli. A cire fulogai, a ɗiga baƙin mai kaɗan cikin kowane rami, a bar shi ya kwana, washegari a juya injin da sifana a hankali. In ya zagaya ba tare da cijewa ba, an tsallake babban haɗari. A sauke tanki a wanke, domin tsohon fetur na zama danƙo ya toshe kafireto. A zuba sabon baƙin mai, a sa sabon kwantak da fulogi, sannan a tayar. Bayan ya yi zafi, ku sa a auna matsin kowace silinda. Abin da ake so shi ne huɗun su zo kusa da juna. In ɗaya ta faɗi ƙasa sosai, ringi ne ko bawul. Kada ku yarda da “Oga, a sauke inji kawai” kafin a yi wannan awon. Ku ce, “Malam, a fara aunawa mu gani.”

Jos tana kan tudu mai kusan mita 1,200 daga matakin teku. Iskar sama ba ta da kauri, inji na rasa wajen kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa, kafireton da aka saita a Legas ko Lokoja kuma zai riƙa ba da fetur fiye da kima a nan. Alamarsa baƙin hayaƙi da fulogi mai baƙin toka. A saita shi a cikin Jos, inda motar za ta yi aiki.

Mai Kombi ya riƙe abu uku. Tiyon fetur da ke cikin ɗakin inji shi ne ya ƙone Kombi da yawa, a sauya shi duka a ɗaure kowane baki da kilif. Gwangwanayen da suka lulluɓe injin da robar da ta zagaye shi ba ado ba ne, su ke kai iska inda ake buƙata, kada bakanike ya jefar da su don sauƙin aiki. Fambel ɗaya ne ke juya fanka da cajin batir, saboda haka in jar fitila ta kama ana tafiya, a tsaya nan take, a kuma ajiye fambel na biyu a mota kullum. Baƙin mai lita biyu da rabi take sha, ana sauya shi duk kilomita 5,000, a saita bawul a kan milimita 0.15 injin na sanyi. Mai Peugeot kuwa lagireto zai bai wa hankali: a wanke shi, a sauya tiyoyi da famfon ruwa.

Wayoyin wuta na shekara arba'in ɓeraye sun ɗanɗana su. Ku ba mai rewaya ya sake su, da fis na gaskiya, ba zaren waya da aka naɗa a madadinsa ba.

Sanyi, wanda shi ne sana'ar

Askirim yana son sanyin digiri 18 ƙasa da sifili ko fiye in ana ajiya, wanda ake ɗiba da cokali kuma ya fi laushi a wajen 12 zuwa 14 ƙasa da sifili. Wanda ya narke aka sake daskarar da shi yana yin tsakuwar ƙanƙara a baki, kuma madara ce, ƙwayoyin cuta na samun wurin zama. Yaro ɗaya ya yi gudawa a makaranta, labari ya gama unguwa kafin magariba.

Kada ku rataya firiza a kan batirin mota. Cajin tsohuwar mota bai isa ba, kuma ba za ku bar inji na ƙona fetur awa takwas a tsaye ba. Wutar firiza daban, ta mota daban.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Firizar kwance mai lita 200 zuwa 300 tana jan kimanin wat 120 in kwamfuresa na aiki. A ranar zafi, ana buɗewa ana rufewa, ku ɗauka tana aiki kashi biyu cikin uku na lokaci. A awa takwas ta ci wajen wat-awa 640. Ku ƙara asarar inbata da fitilu da lasifika, ku ce dubu ɗaya. Batirin sola mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400, amma in na dalma ne rabi kawai ake ci in ana so ya yi ƙarko. Ke nan guda ɗaya da ƙyar zai kai ku yamma, biyu ne kwanciyar hankali. Na litiyam ya fi tsada, amma bai kai rabin nauyin na dalma ba, kuma ana cin kusan dukkansa. Inbata ta zama mai tsabtatacciyar wuta irin wadda kwamfuresa ke so, kVA ɗaya da rabi, domin a lokacin tashi firiza na fizgar wuta ninki uku zuwa biyar na abin da take ci a tafiya. Faifan sola biyu masu wat 300 a rufi za su riƙa mayar da abin da ake ci da rana, su kuma yi wa motar inuwa. Akwai firizar sola da ke aiki kai tsaye da batir ba inbata. In aljihu ya kai, ita ta fi.

Firizar kwance za ku saya, ba ta tsaye ba, domin sanyi ƙasa yake kwanciya, ta tsaye kuwa duk buɗewa sai ya zubo. Da dare a jona ta da wutar gida. Tunda wutar ba ta da alkawari, ga dabarar da ke ceton kaya: a narka gishiri gram 300 a kowace litar ruwa, a zuba a gorunan roba ba a cika su ba, a jera a gindin firiza da gefunanta. Ruwan gishiri mai wannan kauri sai wajen digiri 21 ƙasa da sifili yake daskarewa, don haka a mayar da firizar ƙarshen sanyinta da dare. In wuta ta yanke, gorunan na riƙe sanyin da ƙanƙarar ruwa zalla ba za ta iya ba.

Injin askirim mai famfo, wanda ke murɗo shi cikin mazubi, yana burge yara, amma yana cin wat dubu biyu ko fiye, sai da babban janareto, kuma kullum sai an kwance shi an wanke. Ku bar shi sai sana'a ta kafu. In kuwa janareto ya zama dole, a waje yake zama, nesa da taga. Hayaƙinsa a rufaffiyar mota kisa ne.

Wajen zaman kaya ma da ƙa'ida. Firiza cike, batir biyu, jarkar ruwa, faifan sola, kanta da mutum biyu sun haura kilo 600, motocin nan kuwa iyakarsu wajen tan ɗaya. A sa masu nauyi a ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, a ɗaure su da noti a jikin daɓe. A Kombi kada a ɗora firiza a kan tudun baya, inji ne a ƙarƙashi. A bar tazarar tafin hannu a bayan firiza da ramin shan iska, a sa fis kusa da kan batir, waya mai kauri, duk inda ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. A rataya abin kashe gobara inda hannu ke kaiwa.

Taga, ciki da fenti

In za a yanka taga, a dama za a yanka, tsakanin ginshiƙai, ba a taɓa ginshiƙi ko ɗaya. A zagaye bakin da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, murfin ya ɗaga sama ya zama rumfa. Kantar kada ta yi tsayin da yaro ɗan firamare ba zai ga abin da yake saye ba. A cusa soso mai hana zafi a rufi da bango, a rufe da farantin alminiyam da ake gogewa da tsumma. Ba kafet. A sa ƙaramin wurin wanke hannu da jarka biyu, ta ruwa mai kyau a sama, ta datti a ƙasa.

Yanzu ne lokacin mai fenti. Duk tsatsa a kankare ta har farin ƙarfe, rami a yi masa walda, fila don gyara lotsawa ce kawai, siririya. Lokacin da ya fi dacewa a Jos shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙurar hunturu ba ta yi ƙarfi ba. Ke nan aikin inji da walda a yi shi da damina a ƙarƙashin rumfa. Rufi ya zama fari don zafi. Ku guji koren sojoji, doka ta hana, ku kuma guji launin motocin haya. Sunan sana'a da lambar waya a rubuta manya a gefe da baya.

Gwaji da fita kasuwa

Kafin ku zuba kayan kuɗi, ku loda firiza da ledojin fiya wata, ku sa ma'aunin sanyi a ciki, ku yi mako kuna fita kamar da gaske: Bukuru da dawowa, hawan Tudun Wada, tsayuwar awa huɗu a rana. Ku rubuta abin da ma'auni ya nuna duk awa. Nan ne noti mai kwance da waya mai zafi ke bayyana. Kada ku karɓi aikin biki a Akwanga ko Abuja sai kun gamsu da birki, domin Hawan Kibo da kaya a baya sai da ƙaramar giya ake sauka.

A yi rajistar sunan sana'a a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a kai motar wa VIO don takardar cancantar hawa titi, duk wanda zai taɓa abinci ya yi gwajin lafiya na masu sayar da abinci. Ƙaramar hukuma na karɓar harajin rubutun talla a jikin mota, ku biya ku riƙe rasit. JMDB, hukumar raya birnin Jos, ba ta wasa da kasa kaya a bakin manyan tituna, musamman wajen Terminus, don haka ku nemi izinin tsayawa a cikin harabar wuri: makarantu a lokacin tashi, gidan zoo, Wildlife Park, Rayfield, wuraren biki da walimar sauka. A kashe kiɗa kusa da masallaci, coci da asibiti. Kafin mota ta motsa, mutum ɗaya ya sauka ya zagaya ta, domin yara na maƙalewa a inda madubi ba ya gani, kuma duk tsayuwa a sa weji a bayan taya.

Ku fara da askirim na kamfani mai lambar NAFDAC, ribar kaɗan ce amma ba ruwanku da haɗawa. In uwargida ta ƙware, sai a shigo da na gida. Jos na da abin da wasu garuruwa ba su da shi: madara daga yankin Vom da sitiroberin Chaha, wanda ke fitowa da rani. A dafa haɗin madarar ya kai digiri 70 ya yi rabin awa, a sanyaya shi da sauri. Ranar da za ku fara ƙulla shi a roba da sunanku, rajistar NAFDAC ta zama wajibi.

Kasuwar tana da lokaci. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu ne zafin Jos, sai ranakun Sallah da Kirsimeti, waɗanda ko ana sanyi yara ba sa fasawa. Da azumi ciniki na komawa bayan shan ruwa. A Agusta da tsakiyar hunturu kuwa kasuwa na kwanciya, sai a ɗora fulas ɗin shayi da kunun gyaɗa a kan kantar. A buɗe asusun banki na sana'ar shi kaɗai, da littafi ɗaya da mutum ɗaya ke riƙewa. Ɗan da ke tuƙi da 'yar da ke sayarwa a yanka musu albashi ko kaɗan ne, askirim ɗin da ƙannen gida suka sha a rubuta shi. Kowane mako a cire kashi ɗaya cikin goma na ciniki a ajiye wa mota da batir, domin batirin dalma da ake ci kullum shekara biyu zuwa uku yake yi, kuma guda biyun tare ake sauya su.